Kundin Mahmood na 2019: me ya sa rigimar sunansa ta danne abin da ya rera?

Auwal Milano:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda a 'yan kwanakin nan muna tattaunawa kan mawaƙan ƙasashen da muke zaune, ni zan kawo wani kundi da nake ganin ba a yi masa adalci ba, duk da kasuwar da ya yi. Sunansa Gioventù bruciata, wato ƙuruciyar da ta ƙone, na mawaƙin Italiya Mahmood. Ya fito ranar 22 ga Fabrairu 2019, mako biyu bayan yaron ya ci gasar waƙa ta Sanremo da waƙarsa Soldi (wato kuɗi), kuma yana fitowa ya hau matsayi na ɗaya a jerin kundayen da aka fi saye a ƙasar.

Abin da ke damuna shi ne a duk watan nan Italiya ba waƙoƙin take magana a kai ba. Magana ɗaya ce a talabijin, a jarida, a mashayar kofi: wannan mai suna Mahmood ɗan Italiya ne kuwa? Alhali a Milan aka haife shi a 1992, a unguwar Gratosoglio ya tashi, uwarsa 'yar tsibirin Sardiniya na Italiya ce, ubansa ne Bamisire. Uban ya bar gidan tun yaron yana ƙarami. Waƙoƙi da dama a kundin nan zancen wannan uban ne da giɓin da ya bari. Wannan zancen ne aka binne a ƙarƙashin hayaniya.

Nura Damagaram:
Wa alaikumus salam Yaya Auwal. Ni ta fannin kiɗa na san shi, don a situdiyo muke sa Soldi muna nazarin yadda aka ɗora ta. Amma ka ba mu labarin rigimar tukuna, mu da muke nesa guntu-guntu muka ji.

Auwal Milano:
To Nura. Sanremo ba ƙaramin abu ba ne a nan. Tun 1951 ake yin ta, darare biyar ake kwashewa, kuma kusan kowane gida na kallo. A 2019 mawaƙa 24 suka shiga, a daren ƙarshe aka rage uku: Ultimo, ƙungiyar Il Volo, da Mahmood. Ƙa'idar shekarar ita ce ƙuri'ar masu kallo ta waya tana da rabin maki, 'yan jarida kashi 30, kwamitin alƙalai kashi 20. Jama'ar gari suka ba Ultimo kusan rabin ƙuri'unsu, Mahmood ya zo na ukun su a wajen jama'a. Amma 'yan jarida da alƙalai suka rinjaya sosai gefensa, da aka haɗa lissafi sai ya haye sama.

Daren nan Matteo Salvini, wanda a lokacin shi ne ministan cikin gida kuma mataimakin firaminista, ya rubuta a Twitter cewa shi Ultimo zai zaɓa. Luigi Di Maio, ɗayan mataimakin firaministan, ya soki alƙalan, ya ce baɗi a bar wa jama'a zaɓi su kaɗai. Shi ma Ultimo ya fusata da 'yan jarida a taron bayan gasa. Ku tuna lokacin ne gwamnatin ke hana jiragen da suka ceto baƙin haure tsayawa a tashoshin ruwan ƙasar, kuma Claudio Baglioni, mai jagorantar gasar, ya riga ya soki yadda ake tafiyar da lamarin tun a Janairu. Don haka da aka kira sunan mai nasara, kowa da abin da ya ji. Sai da yaron ya fito ya ce shi ɗan Italiya ne ɗari bisa ɗari.

Ummi Bologna:
Yaya Auwal, ina tare da kai a yawancin maganar, amma kada mu haɗa kowa a kwando ɗaya. Ba duk wanda ya ji haushi ba ne mai ƙin baƙi. A Sanremo kuɗi mutum ke biya ya kaɗa ƙuri'a ta waya. Idan ka ce wa mutane su biya su zaɓa, sannan wanda suka ajiye a ƙarshe ya ɗauki kofi saboda wasu 'yan tsiraru a zaure, dole a yi ƙorafi ko da sunansa Giuseppe ne. Ina da ƙawaye 'yan makarantarmu masu son Ultimo, kuka suka yi a daren, kuma ba ruwansu da Salvini.

Auwal Milano:
Gaskiya ne ƙanwata, ƙorafin ƙa'ida yana da hujja. Sai dai ƙa'idar a rubuce take tun kafin a fara, kowa ya sa hannu. Kuma ba wannan ne karon farko da alƙalai suka saɓa wa jama'a a gasar ba. Yaushe kika taɓa jin mataimakan firaminista biyu sun tsoma baki a sakamakon waƙa?

Malam Habibu Kano:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da kuka rubuta, na sa ɗana ya nemo mini waƙar tare da fassararta. Ni rigimar ƙuri'a ba ta dame ni ba, tasu ce can. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaro ya hau dandamali gaban miliyoyin mutane ya ce ubansa yana shan giya a watan Ramadan, yana busa shisha, kuma in ya neme shi ba don komai ba ne sai don kuɗi. Ko da gaskiya ne, uba uba ne. Asirinsa fa? Sannan ga waɗanda ba Musulmi ba suna tafi a daidai wurin. Wane hoto aka ba su na Musulmi? Ni a ganina 'yan jaridan da suka ɗaga shi sun ji daɗin wannan layin ne.

Maman Fadila Brescia:
Malam, Allah ya ƙara girma. Ina neman afuwa in na ja da maganarka, amma wannan abu ne da nake gani da idona, ba labari ba.

A garin nan da kewayensa akwai yara da yawa irin Mahmood. Uba ya zo daga Masar ko Maroko ko Senegal ko ƙasashenmu, ya yi aure, aka haihu, bayan shekara kaɗan ya kama gabansa, ya je ya kafa wani gida. Ba kuɗin makaranta, ba waya ranar sallah, ba komai. Uwa ce za ta tashi da asuba ta tafi aikin goge-goge ko jinyar tsofaffi. Yaro ya tashi da sunan uba a takarda, a makaranta ana tsokanarsa da sunan, shi kuma bai san ko Fatiha ba, don wanda zai koya masa ya tafi. Idan yaron nan ya girma ya buɗe baki, sai mu ce ya tona asiri? Wa ya fara yaye mayafin?

Kuma Malam ka lura, ba Ramadan ya zaga ba. Don ya san watan na da alfarma ne ya sa ya ambace shi. Yana nuna mutumin da bai riƙe alkawarinsa da Ubangiji ba, bai riƙe na iyalinsa ba. Ni a matsayina na Musulma ban ji an taɓa addinina ba. Kunya na ji a madadin mazanmu masu yin haka.

Malam Habibu Kano:
Hajiya, ban musa ba cewa akwai iyaye maza masu zalunci, a nan Kano ma kullum muna sulhu a kan irin wannan. Haƙƙin ɗa a kan uba yana nan, kuma Allah zai tambaya. Amma ɓangare ɗaya muka ji. Mai waƙa na da makirufo, uban ba shi da shi. Addini ya ce a kyautata wa iyaye ko da sun saɓa. Akwai hanyar kai kuka da ba ta hawa talabijin ba.

Maman Fadila Brescia:
Wace hanya Malam? A gida yaro na da kawu, da baffa, da mai unguwa, da liman, akwai inda zai kai ƙara a kira uban a zaunar da shi. Yaron da ya tashi a benen gwamnati a gefen Milan, dangin ubansa na Alƙahira, harshensu ma ba ya ji, wa zai kai wa?

Ummi Bologna:
Malam, in ka yarda in ƙara wani abu. Ka saurari kundin gaba ɗaya, ba Soldi kaɗai ba, domin idan aka tsaya a kanta za a ɗauka fushi ne zalla. A cikin Soldi ɗin ma akwai layi ɗaya na Larabci, kiran da uba ke yi wa ɗansa ya zo gida. Mahmood ya faɗa da bakinsa cewa ba ya jin Larabci, 'yan kalmomin da suka maƙale masa ne tun yarinta. Wanda ya tsani ubansa ba zai ɗauki muryar uban ya ajiye a tsakiyar waƙar da ta fi kowace muhimmanci a rayuwarsa ba.

A waƙar da aka sa wa kundin sunanta, yana tuna tafiyar da suka yi Masar yana ɗan shekara takwas, da waƙoƙin Larabawa da uban ke sawa a mota. A Mai figlio unico yana maganar 'yan'uwan da yake da su ta wajen uba, waɗanda ke can nesa ba su san shi ba. Akwai kuma wadda sunanta kaɗai ya isa, Il Nilo nel Naviglio, ya ɗauko kogin Nilu ya zuba a magudanar ruwan Milan. Ni da na gama sauraro, kewa na ji ta fi zargi yawa. Yaro ne yake ta lalube a cikin ɗan abin da aka bar masa.

Wannan ne ya sa na yarda da Yaya Auwal cewa an yi wa kundin asara. Masu goyon bayansa ma ba su saurare shi ba. Sun mai da shi tuta, alamar sabuwar Italiya mai launi-launi. Masu ƙinsa sun mai da shi baƙo. Duka ɓangarorin sunansa suka kalla.

Nura Damagaram:
Bari in dawo da mu kan kiɗa kaɗan, don a nan ina da ƙorafi. Soldi gwaninta ce, ba gardama. Masu haɗa kiɗa Dardust da Charlie Charles ne suka yi aikin tare da shi, kuma dabararsu ita ce barin fili. Kiɗan bai cika ba: piyano ɗan kaɗan, bes mai nauyi irin na tarap (wani salon rap), sai tafi biyu da aka ajiye a inda kunne ke jira. Tafin nan shi ya sa mai sauraro ya zama ɗan amshi ba tare da ya san Italiyanci ba. Mu da muka tashi da tafin gaɗa mun san ƙarfin wannan. Muryarsa kuma siririya ce mai fita ta hanci, yana lanƙwasa ta a ƙarshen baiti yadda mawaƙan Larabawa ke yi, amma ba ya wuce gona da iri.

Ƙorafina a kan kundin ne a matsayinsa na kundi. Waƙa 11 ne, a ciki Soldi ta zo sau biyu, ɗaya shi kaɗai ɗaya da mawaƙin rap Gué Pequeno. Uramaki, Milano Good Vibes, Asia Occidente, Anni 90 da ya yi da Fabri Fibra, duk sun riga sun fito a ƙaramin faifan da ya saki a 2018. Wanda ya riga ya mallaki wancan, sabon abin da ya samu kaɗan ne. Kamfani ya ga gari ya ɗauka, ya tattara abin da ke hannu ya fitar. Ban ce laifi ba ne, kasuwa ce. Amma kada mu kira shi aikin da aka zauna aka tsara daga farko zuwa ƙarshe.

Auwal Milano:
Nura, a kan lissafin waƙoƙi ka yi daidai. Har ranar fitowar ma an matso da ita kusa saboda nasarar. Amma wa ya san ƙaramin faifan nan kafin Sanremo? Mutumin nan ya shiga gasar waƙa ta talabijin X Factor a 2012 aka fitar da shi da wuri. Ya zo Sanremo ɓangaren sababbi a 2016 bai ci ba. Ya koma yana aiki a mashaya yana rubuta wa wasu waƙa, har da fitattun mawaƙa Marco Mengoni da Elodie. Sai a Disamba 2018 ya ci gasar matasa da ta ba shi kujera cikin manya. Ga yawancin mutane waƙoƙin nan duka sababbi ne a 2019.

Kuma ni abin da ka kira tattare-tattare shi nake gani a matsayin ƙarfin kundin. An rubuta waƙoƙin lokacin da ba wanda ke kallonsa, ba ya ƙoƙarin burge kowa, ba ya amsa wa Salvini. Ka kwatanta da kundinsa na biyu, Ghettolimpo na 2021: an kashe masa kuɗi, an yi masa ado, tatsuniyoyin Girka da sauransu, amma bai taɓa ni kamar na farkon ba.

Nura Damagaram:
A nan mun rabu Yaya. Ni Ghettolimpo ya fi mini tsari a matsayin aikin situdiyo. Na farkon yana da waƙa uku ko huɗu masu tsayawa a rai, sauran na wucewa ne. Milano Good Vibes misali, daɗin ji gare ta a mota, shi ke nan.

Alhaji Sani Napoli:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ba mai sauraron waƙa ba ne sosai, amma akwai abin da ba ku taɓo ba. Ana ta cewa Mahmood ya nuna 'ya'yan baƙi ma 'yan ƙasa ne. To shi ai bai taɓa fuskantar matsalar takarda ba. Uwarsa 'yar Italiya ce, da jini ya samu ɗan ƙasa tun ranar haihuwa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1992 ta jini take bi, ba ta wurin haihuwa ba. 'Ya'yana a nan aka haife su, Italiyanci ya fi Hausa zama a bakinsu, amma a kan takardar zamana suke rataye har sai sun cika 18, sannan a ba su shekara ɗaya tak su nema, kuma sai an tabbatar ba su yanke zama ba. An kawo gyaran doka, majalisar wakilai ta amince a 2015, ya je majalisar dattawa ya mutu a 2017. A Yuni 2025 aka yi ƙuri'ar raba gardama don rage shekarun jiran manya daga 10 zuwa 5, mutane ba su fito da yawan da ake bukata ba, ta faɗi.

Don haka idan wanda uwarsa 'yar ƙasa ce, fasfo a aljihu, sai da aka sa ya rantse cewa shi ɗan Italiya ne, ina ga namu? Ni abin da rigimar ta koya mini ke nan. Kofin bai canza mana komai a ofishin 'yan sanda ba.

Ummi Bologna:
Baba Alhaji, doka ba ta canza ba, haka ne. Amma wani abu ya motsa. Watanni uku bayan rigimar, shi Italiya ta tura Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a Tel Aviv, ya zo na biyu da maki 472, bayan ɗan Holan mai 498. Zauren gaba ɗaya ya yi tafin nan tare da shi. Waƙar ta hau ta ɗaya a Girka da Isra'ila, kuma ta daɗe tana riƙe da kambin waƙar Eurovision da aka fi saurara a Spotify. Waɗanda suka ce alƙalai ne kawai ke son ta sai suka yi shiru. A 2022 ya dawo Sanremo tare da Blanco, suka ci, kuma a wannan karon jama'a ma su suka zaɓa. Ba wani minista da ya tambayi asalinsa. Ƙannena da ke makarantar sakandare ba sa ganinsa a matsayin ɗan Bamisire, mawaƙi ne kawai kamar kowa.

Alhaji Sani Napoli:
'Yata, Allah ya sa. Amma shahararre daban, mai ɗiban tumatir a Foggia daban. Idan ka kawo musu kofi kai nasu ne.

Malam Habibu Kano:
Na saurari waɗanda Ummi ta ambata, da fassara. Zan faɗi abin da na samu. Har yanzu ban yarda ɗa ya ambaci aibin ubansa a bainar jama'a ba, kuma ba zan so mawaƙanmu su ɗauki wannan hanyar ba. Mu a waƙoƙinmu uwa ake yabo, uba kuwa in ba a yabe shi ba sai a yi shiru, kuma shirun nan tarbiyya ce. Amma waƙar da yake maganar 'yan'uwansa da ba su san shi ba ta tsaya mini. Na san gidaje a unguwarmu da mutum ya je ci-rani Kudu ko Saudiyya ko Libiya ya haihu a can, ya dawo bai faɗa wa kowa ba, sai ranar rabon gado a ga baƙo a ƙofa. Zumuncin nan da aka yanke, alhakinsa ba a wuyan yaron yake ba.

Maman Fadila Brescia:
Wannan ita ce maganar Malam. Kuma shirun da ka ce tarbiyya ce, wani lokacin shi ke ba mazan ƙarfin gwiwa, don sun san ba mai faɗa. A ƙungiyarmu ta mata a nan akwai waɗanda mazansu suka tafi Jamus ko Ingila neman takarda mai ƙarfi, shekaru ba labari. Yaran suna jin Soldi, sun san kowace kalma. Wata yarinya 'yar shekara 15 ta ce wa uwarta wannan waƙar tamu ce. Uwar ba ta hana ta ji ba, zama ta yi suka yi maganar uban, karo na farko.

Nura Damagaram:
To ga wanda zai nema, shawarata kada ya fara da Soldi, tunda kowa ya riga ya ji ta. Ya fara da Gioventù bruciata, sai Mai figlio unico, sai Il Nilo nel Naviglio, sannan ya koma Soldi a ƙarshe. A jere haka labarin ya fi fitowa. Yaya Auwal, in kana da lokaci ka fassara mana baitocin Mai figlio unico da kanka, fassarar inji tana ɓata ma'anar, musamman inda yake maganar uwarsa.

Auwal Milano:
Zan yi in sha Allah, daren Asabar bayan na tashi aiki. Ummi, ki duba mini in na gama, Italiyancinki na makaranta ne, akwai kalmomin 'yan unguwa da zan so mu daidaita tare kafin Malam ya karanta.